Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokoki Ta Tarayya Kan Asusun Rarar Kuɗin Mai

Ya ku masu girma sanatoci da 'yan majalisar wakilai,

Lokacin da tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008, gangar ɗanyen mai ta faɗo daga dala 147 zuwa ƙasa da dala 40. Najeriya ta tsira saboda kimanin dala biliyan 20 da ke asusun rarar kuɗin mai. Amma asusun ba shi da gindin zama a tsarin mulki, har gwamnoni suka kafa hujja da sashe na 162 suna neman a raba. Aka yi ta yagar kuɗin, faɗuwar farashi ta 2014 ta iske rumbu kusan wayam, tattalin arziki ya durƙushe a 2016. Chile kuwa, mai dogaro da tagulla, tun 2001 kwamitin masana masu zaman kansu ke ƙiyasta farashin tagullar da ake gina kasafi a kai, wata doka ta 2006 kuma ta ɗaure hannun gwamnati. Shi ya sa a 2009 ta iya fitar da dala biliyan 4 don tallafa wa tattalin arzikinta.

Wasunku za su ce mai jin yunwa ba ya ajiya, ga asibitoci da makarantu sun lalace. Gaskiya ne, sai dai ranar da kuɗin mai ya ƙafe, albashin malamai da ma'aikatan asibiti ne ya fara tsayawa a jihohi da dama a 2015. Talaka ne ya ɗanɗana kuɗar rashin ajiya.

Ku gyara sashe na 162, ku rubuta ƙa'idar ajiya da ta cirewa ƙarara, yadda babu shugaba ko gwamnan da zai taɓa asusun sai da dalilin da doka ta amince da shi.