Haƙƙin Mai Tsohuwar Waya

Duk wanda ya taɓa zama yana jiran a buɗe taro ta bidiyo, ko karatun da wani malami ke gabatarwa daga wata ƙasa, sai allo ya sanar da shi cewa ba zai shiga ba face ya sabunta manhajarsa, da ya je sabuntawa kuma aka ce wayarsa ta tsufa ba ta ɗaukar sabon zubi, to, ya san takaicin da nake nufi.

Adalci shi ne a fara da hujjar kamfanonin manhaja, domin suna da ita. A shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta kulle jama'a a gida, har masu halartar taro a Zoom suka tashi daga miliyan 10 a kullum zuwa miliyan 300 a watan Afrilu, ɓata-gari sun riƙa kutsawa majalisun mutane suna watsa alfasha, kamfanin kuwa ya fito da zubi na 5.0 mai ƙarin tsaro, ya wajabta wa kowa komawa kansa daga 30 ga Mayu. Alal haƙiƙa wannan ba abin zargi ba ne, gama tsare amanar majalisa wajibi ne.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda nauyin ke faɗawa a kan mai ƙaramin ƙarfi, ba tare da an gargaɗe shi ranar ciniki ba. WhatsApp ya daina aiki a kan Android 4.4 a watan Oktoban 2023, Microsoft kuma ya janye kulawarsa daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali Windows 11 na sharɗanta wani guntun tsaro, TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Irin waɗannan na'urori, lafiyarsu ƙalau, su ne ake jigilarsu zuwa kasuwanninmu a matsayin na hannu. A kasuwar Farm Centre ta Kano za ka ga ɗalibi ya ƙirga kuɗin da ya daɗe yana tarawa, mai shago ya kunna masa wayar, ya gwada masa kyamara da lasifika da ƙarfin batir, amma babu mai tambayar shekara nawa ta rage kafin a daina sabunta ta. Malaman fiƙihu sun hana ɓoye aibin haja, kuma a ganina wa'adin da ya kusa cika aibi ne, ko da ido ba ya ganinsa.

Tarayyar Turai, tun daga 20 ga Yunin 2025, ta ɗora wa masu ƙera waya sabunta tsarinta na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wadda dama ita ke tantance na'urori kafin su shiga kasuwa, tana da ikon sharɗanta a rubuta wannan wa'adi ƙarara a jikin kwali da rasit. Kafin nan, ya kamata jami'o'i da ma'aikatu masu kiran taro su riƙa barin ƙofar shiga ta burauza ko ta murya zalla, su kuma sanar da zubin da ake buƙata tun kwanaki kafin ranar zama.