Shekarun Tuƙi Ba Sa Magana Sai da Takarda

Mu da muke ɗokin riƙe sitiyari, mu saurara. A Ingila, duk shekarar da direba ya yi bai nemi diyyar haɗari ba, kamfanin inshora yakan rage masa kuɗi. In zai sauya kamfani kuwa, sai ya kawo wasiƙar tsohon kamfaninsa mai nuna adadin shekarun, kuma yawanci in aka wuce shekara 2 ba inshora, ragin ya tafi.

Nan ne yayyenmu masu zuwa karatu can suke shan mamaki. Ka ce ka shekara 10 kana tuƙi a Kano, ba mai saurarenka. Wasu kamfanonin ma ba sa karɓar wasiƙar ƙasar waje. To, wanda ya sayi takardar inshorar jabu a bakin titi fa, wa zai rubuta masa?