Kura da Shan Bugu: Nawa Malamar Riƙon Ƙwarya Ke Kai Wa Gida?

Yau da ɓacin rai na zauna rubutu, kuma tun farko ina sanar da mai karatu cewa ni ma ina cikin masu laifi.

'Yar ƙanwata ta gama NCE a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ta yi shekara biyu a gida babu aiki. Ana nan sai wata malama a wata firamare a nan Kafanchan ta tafi hutun haihuwa, ajinta mai yara wajen 70 ya zama babu kowa. An jira a turo wani, shiru. Sai kwamitin iyaye da malamai, wanda nake ciki, ya ce a nemo wadda za ta riƙe ajin, iyaye su yi karo-karo su biya ta. Ni na kawo sunanta. Ni ne kuma na yi shiru lokacin da aka yi ta ciniki kamar ana sayen doya a kasuwa, har aka tsaya a kan Naira 15,000 a wata.

Ƙarshen wata na biyu ta zo gaishe ni, ta ce, "Kawu, don Allah ka duba mini wannan lissafin." Kuɗin acaba zuwa da dawowa Naira 400 kullum, kwana 20, ya kama 8,000. Saura 7,000. A ciki take sayen jan biro da littafin shirya darasi, wani lokaci har da alli. Da aka yi hutun ƙarshen zango, wanda ta kwashe rabinsa tana makin jarrabawa da cike katin sakamako, sai aka ce ai watan hutu babu biya. Na riƙe takardar nan na rasa abin cewa. In ka raba 15,000 ga yara 70, kowane yaro an koyar da shi wata guda cur a kan Naira 200 da 'yan kai. Wannan fa shi ne darajar da muka sa wa karatun 'ya'yanmu.

Kada wani ya ce ina sukar hutun. A 2019 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta mayar da hutun haihuwa na ma'aikatan jihar Kaduna wata shida, domin uwa ta samu shayar da jaririnta nono zalla kamar yadda likitoci ke cewa. Abu ne mai kyau ƙwarai, in aka tuna cewa Dokar Ƙwadago ta ƙasa mako 12 kawai ta tanada, da aƙalla rabin albashi. Mai jego haƙƙinta ta karɓa, ba ta ci na kowa ba. Amma ita makaranta ba ofis ba ce da za a tara fayil ya jira. Wata shida kusan zango biyu ne cikin uku na shekarar karatu. Duk wanda ya ba da hutun, a wuyansa biyan mai riƙon ajin yake. Ciki kuwa ba ya zuwa bagatatan, wata tara ana kallonsa. Me ya sa kullum sai ranar tafiya ake fafe gora?

Mu dubi doka. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, a watan Oktoba kuma Gwamna Uba Sani ya amince da 72,000 ga ma'aikatan Kaduna. Abin da muka biya yarinyar nan da kyar ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na wannan. To ina dokar take? Dokar ta cire masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, ta kuma cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ta wannan kafar malaman PTA da na ƙananan makarantun kuɗi ke zubewa. Ba takardar ɗauka, ba fansho, ba wanda za ka kai wa kuka. Ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya tashi bai sauko ba.

Jihar da a 2017 ta ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, ta sallame su da sunan inganta ilimi, bai kamata a cikinta a ce aji ya dogara da wanda ya yarda da mafi arha ba.

Amma 'yan uwana Hausawan Kafanchan, kada mu tsaya ga nuna gwamnati da yatsa. Makarantun da muka gina da hannunmu a unguwanninmu fa? Sau nawa muka ji an ce wa malama in ta tafi haihuwa ta nemo wadda za ta riƙe mata, su raba albashin? Wato an haɗa mai jego da marar aiki suna jan bargo ɗaya wanda bai isa mutum guda ba. Sau nawa aka ƙi ɗaukar sabuwar amarya don gudun haka? Kuma talaucin nan bai san ƙabila ba. 'Yar Hausawa da 'yar Bajju da 'yar Fantswam, aji ɗaya suka zauna a Gidan Waya, kuɗin acaba ɗaya suke biya. Ga abin da za mu iya tsayawa a kai tare da maƙwabtanmu, mu da aka saba jin labarinmu sai in an yi rikici.

Abin da nake nema uku ne. SUBEB da ƙaramar hukumar Jama'a su ajiye jerin sunayen masu NCE da ke zaune, a ware kuɗinsu a kasafi, duk malamar da ta miƙa takardar hutu a turo madadinta kafin ta tafi. NUT ta sa bakinta, ko da waɗannan ba 'yan ƙungiya ba ne. Mu kuma iyaye, in dole sai mun biya, a rubuta yarjejeniya, a ware kuɗin mota daban, a biya watan hutu.

Ni dai na koma gaban kwamiti na ce mun ci haƙƙin yarinyar mutane, ko da tawa ce. Wasu sun ji haushi, amma an biya ta watan hutun. Kai ma mai karatu, gobe in ka kai ɗanka makaranta, ka tambayi hedimasta nawa mai riƙon ajinsa ke kai wa gida. Allah Ya sa mu gyara.