NAZARI: Naɗin karin kumallo na "rage ƙiba" a Amurka: an rage kalori, gishiri yana nan daram

A sashen daskararren abinci na manyan kantunan Amurka akwai wani nau'in karin kumallo da ya samu karɓuwa a wurin ma'aikata masu fita da sassafe. Siffarsa kamar ta shawarma ce: siririyar gurasa da aka naɗe ƙwai da cuku da ɗan nama a ciki, aka daskarar, aka rufe a leda. Mintuna kaɗan a na'urar ɗumama abinci, mutum ya ɗauka ya ci a mota ko a gaban kwamfuta. Daga cikinsu akwai waɗanda aka yi musamman don masu neman rage ƙiba. Smart Ones na kamfanin Kraft Heinz, wanda ya daɗe yana tafiya da sunan Weight Watchers, da Jimmy Dean Delights na kamfanin Tyson Foods, suna cikin sunayen da aka sani a wannan kasuwa. Abin da ake bugawa da manyan haruffa a gaban kwalinsu kusan iri ɗaya ne: yawan kalori, da yawan furotin.

Waɗannan alƙaluma biyu gaskiya ne, domin doka ta hana ƙarya a kan kwali. Abin da ake jayayya a kai a Amurka yanzu shi ne sauran alƙaluman da aka tura bayan kwali da ƙananan haruffa, da kuma wanda yake da ikon cewa abinci kaza mai gina lafiya ne.

Ya kamata a yi wa naɗin adalci tun daga farko. Ƙwai abinci ne mai kyau, furotin yana riƙe ciki fiye da burodi da sukari, kuma abincin da aka auna aka rufe yana hana mutum ƙari. Wanda ya bar donot da lemon kwalba ya koma wannan naɗi bai yi asara ba. Matsalar tana cikin yadda ake rage kalorin. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙanƙantar da naɗin, a cire kwaiduwa a bar farin ƙwai, a sa naman talo-talo a madadin na alade, a rage kitsen cuku. To amma kitse shi ne yake ɗauke da ɗanɗano, kuma idan aka janye shi dole wani abu ya cike gurbinsa. Gishiri ba shi da kalori ko ɗaya, yana da araha, yana ƙara daɗi, yana kuma hana abinci lalacewa. Don haka yana cikin gurasar, yana cikin cukun, yana cikin naman, yana cikin miyar da aka shafa. Mai ci ba lallai ya ji shi a harshe ba, saboda an rarraba shi ko'ina.

Lissafin ba shi da wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce miligiram 2,000 na sinadarin sodiyam a rana, wato ƙasa da giram 5 na gishiri, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ma'aunin gwamnatin Amurka ya ɗan fi sassauci, miligiram 2,300. Amma matsakaicin Ba'amurke yana cin kusan 3,400, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na wannan daga abincin kwali da na gidajen abinci yake zuwa, kafin kowa ya taɓa gishirin tebur. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, tana ɗaukar duk abin da ya kai kashi 20 cikin ɗari na ma'aunin yini, wato miligiram 460, a matsayin mai yawan sodiyam. Mu ɗauka mutum ya juya kwali ya ga 600: ya cinye fiye da rubu'in rabonsa na yini tun hantsi bai yi ba, a cikin abin da bai wuce tafin hannu ba. Idan bai ƙoshi ba ya ƙara na biyu, ya haura rabi. Wannan a ƙasar da kusan rabin manyanta suke fama da hawan jini, kuma masu ƙiba, waɗanda don su aka yi naɗin, suna cikin waɗanda suka fi zama cikin wannan haɗari.

Sai batun nama. A shekarar 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya naman da aka sarrafa, irin su tsiran Turawa da naman da aka jiƙa a gishiri ko aka yi wa hayaƙi, cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin sankarar hanji da kimanin kashi 18 cikin ɗari. Naman da ke cikin naɗi ɗaya ba shi da yawa, kuma cin sa jefi-jefi ba abin tashin hankali ba ne. Sai dai karin kumallo shi ne abincin da mutane suka fi maimaitawa ba tare da canji ba, kuma kwalin da ke ɗauke da alƙawarin rage ƙiba yana gayyatar mai saye ya mayar da shi al'adar kowace safiya.

Muhawarar da ta fi zafi a yau ta wuce gishiri da nama. Masanin Birazil Carlos Monteiro na Jami'ar Sao Paulo shi ne ya fito da tsarin NOVA, wanda yake rarraba abinci gwargwadon yadda masana'anta ta sarrafa shi. Rukuni na huɗu shi ne abincin da aka sarrafa fiye da kima, mai ɗauke da sinadaran da ba a samun su a madafar gida: masu kaurara miya, masu hana mai rabuwa da ruwa, masu ƙara launi da ƙamshi. Yawancin naɗin firiza nan suke faɗawa. A 2019 Kevin Hall na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka ya kwantar da mutum 20 a asibitin bincike na tsawon wata guda: mako biyu a kan irin wannan abinci, mako biyu a kan abincin da bai sha sarrafawa ba, kowa ya ci iya son ransa. An daidaita sukari da kitse da gishirin da aka gabatar musu a ɓangarorin biyu. Duk da haka, a makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma ya ragu da kwatankwacin haka.

Masu kare masana'antar suna da amsa mai ma'ana. Sun ce mutum 20 sun yi kaɗan, kuma rukunin na huɗu ya haɗa lemon kwalba da burodin alkama na leda a buhu ɗaya, alhali ba ɗaya suke ba. Wani gwaji da masana a University College London suka wallafa a watan Agustan 2025 ya taɓa ainihin wannan batu, domin ya kwatanta abincin masana'anta wanda ya cika sharuɗɗan cin abinci mai kyau na gwamnatin Birtaniya da abincin da bai sha sarrafawa ba wanda shi ma ya cika su. Cikin mako takwas kowane ɓangare ya rage nauyi, amma masu cin abincin da bai sha sarrafawa ba sun rage kimanin kashi 2 cikin ɗari na nauyinsu, sauran kuma kimanin kashi 1. Kowane ɓangare ya samu abin kafa hujja a nan. A ganina abin da gwajin ya nuna shi ne naɗin "rage ƙiba" yana iya yin aikin da aka saye shi dominsa, amma rabin aiki, kuma a kan kuɗin da ya fi na ƙwai biyu da tumatir.

Inda siyasa ta shigo shi ne wajen kalmomi. A dokar Amurka, idan aka rubuta "light" a kan abinci, ma'anarsa gabaɗaya ita ce kalorinsa ya gaza na takwaransa da sulusi, ko kitsensa ya gaza da rabi. Kwatanci ne kawai da wani abincin da ya fi shi nauyi. Kalmar "healthy", wato mai gina lafiya, tun 1994 aka gindaya mata sharuɗɗa, a zamanin da ake ganin kitse shi ne babban abokin gaba. Sakamakon ya zama abin dariya: hatsin karin kumallo mai zaƙi yana iya ɗaukar kalmar, amma kifin salmon da gyaɗar almon da fiya ba su cancanta ba. Sai a watan Disambar 2024 FDA ta sauya ma'aunin. Yanzu dole abinci ya ƙunshi wani kaso na kayan lambu, ko 'ya'yan itace, ko hatsin da ba a cire dusarsa ba, ko madara, ko furotin, sannan kada ya wuce iyaka a sodiyam da daskararren kitse da sukarin da aka ƙara. An ba kamfanoni wa'adi zuwa Fabrairun 2028. A Janairun 2025, kwanaki kaɗan kafin Joe Biden ya sauka, hukumar ta gabatar da shawarar a riƙa buga ɗan akwati a gaban kwali da zai nuna ko waɗannan abubuwa uku kaɗan ne, matsakaita ne, ko masu yawa.

Akwai kuma wani giɓi da ba a cika magana a kansa ba. Abincin da ke ɗauke da nama mai ɗan yawa galibi ma'aikatar noma ce take kula da shi. Misalin da aka saba bayarwa shi ne fiza: mai cuku zalla tana hannun FDA, mai yankan nama a kai tana hannun ma'aikatar noma. Ke nan naɗi biyu na iya zama kafaɗa da kafaɗa a firiza ɗaya, kowanne yana bin dokar hukuma daban.

Sakataren lafiya Robert F. Kennedy Jr. ya mayar da yaƙi da abincin masana'anta taken siyasarsa, kuma a Yulin 2025 gwamnati ta nemi ra'ayin jama'a kan yadda za a fassara shi a hukumance. Wata guda bayan haka hukumar CDC ta fitar da alƙaluman da suka nuna kashi 55 cikin ɗari na kalorin da Amurkawa suke ci daga irin wannan abinci yake, kuma sanwici da dangoginsa ne a sahun gaba. Amma a ƙarƙashin wannan gwamnatin ne Kevin Hall ya ajiye aiki a Afrilun 2025, yana zargin an yi wa sakamakon bincikensa katsalandan. Magana ta yi yawa a Washinton, doka mai haƙora kuwa wasu ƙasashe ne suka riga yi. Tun 2016 Chile ta wajabta buga baƙar alama mai kusurwa takwas a gaban duk abincin da gishirinsa ko sukarinsa ko kitsensa ko kalorinsa ya wuce iyaka, ta kuma hana sayar da shi a makarantu. Meziko ta bi sahu a 2020. Naɗin da ya wuce iyakar sodiyam a can sai ya ɗauki alamar, ko me aka rubuta a kansa game da rage ƙiba.

Ita kanta kasuwar tana sauya riga. Alluran rage ƙiba irin su Wegovy sun girgiza tsohuwar sana'ar ƙidayar kalori, har kamfanin WeightWatchers ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Mayun 2025 domin sauke bashin da ya haura dala biliyan ɗaya. Kamfanonin abinci ba su jira ba. Nestlé ya fito da Vital Pursuit a 2024 don masu amfani da waɗannan allurai, Conagra kuma ya fara liƙa wa wasu kayan Healthy Choice tambarin cewa sun dace da su. Kalmar da ke tashe yanzu ita ce furotin, kamar yadda "marar kitse" ta yi tashe a shekarun 1990.

Wannan muhawara tana da reshe a Najeriya, ko da yake naɗin firiza bai zama abincin talaka ba. Dabarar iri ɗaya ce a kan taliyar leda da dunƙulen miya da burodi mai nama da ake sayarwa a tasha: abin da zai ja mai saye a gaba, sodiyam a baya. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, kuma a 2025 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin rage sodiyam a abinci. Matakin da ya rage shi ne wanda Chile ta ɗauka, Amurka kuma take jan ƙafa a kai: a wajabta wa kamfani ya buga gargaɗin a gaban leda, da alamar da wanda bai iya karatun Turanci ba zai gane.