Ba a fafe gora ranar tafiya: maganar katin zaɓe



Ran nan a ajinmu na yaƙi da jahilci na rubuta kalma guda bisa allo: ZAƁE. Wani dattijo ya karanta ta daidai, sa'an nan ya yi dariya. Ya ce: "Malam, shafe wannan. Rubuta mana abin da za shi amfane mu. Mu mun sha rana cikin layi, mun jefa ƙuri'a, mi munka samu? Wanda munka zaɓa ya manta da mu, wani kuma soja sunka ɗauke shi." Aji duka anka yi shiru. Na san da yawa daga cikinku haka kuke tunani. Shi ya sa nake rubuta muku wannan.

Dattijon bai yi ƙarya ba. Tun da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, sau biyar soja suna karɓe mulki: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rushe majalisun garuruwa a 2024. A watan Maris 2025 anka rushe jam'iyyun siyasa, anka tsaida wa'adin mulkin riƙo na shekara biyar. Duk wanda ya ce ya gaji, yana da hujja.

Amma ku duba abu guda. Duk lokacin da zaɓe ya tafi, ya kan komo. Soja sun karɓi mulki a watan Afrilu 1999, kafin shekarar ta ƙare an zaɓi Tanja Mamadu. Sun karɓa a watan Fabrairu 2010, a farkon 2011 an zaɓi Mahamadu Isufu. In zaɓe ya komo kuwa, ba ya jiran kowa. Masu rubuta suna su zo garinku kwana kaɗan, su wuce. Wanda ke da takarda a hannu, a rubuta shi. Wanda ba shi da ita, sai ya tsaya yana kallo.

Na ga haka da idona. Kafin zaɓen 2020 an yi sabuwar rajista, wadda ake ɗaukar hoton mutum da zanen yatsunsa da na'ura. Mutum fiye da miliyan 7 anka rubuta a ƙasar duka. Wata ɗalibata, mace mai hankali, ba ta shiga ba. Ba ta da takardar haihuwa. Sa'ad da alƙalai sunka zo yi wa mutane takardu kyauta, ta tafi biki wani gari. Sa'ad da masu rajista sunka zo, ta ce gobe, gobe. Ranar zaɓe ta yi kwalliya ta bi maƙwabtanta. Anka duba, babu sunanta. Ta komo gida da yatsa fari, sauran mata kuwa kowa na nuna tawada a nata. Ta ce mini: "Malam, yau na ji kamar ni baƙuwa ce cikin garin da anka haife ni." Ba wanda ya zalunce ta. Gorarta ce ba ta fafe ba sai ranar tafiya.

To mi ya kamata ka yi tun yanzu?

Na farko, nemi takardar haihuwa. Ita ce uwar takardu. Da ita ake yin katin ɗan ƙasa, da ita ake rubuta suna don zaɓe, da ita yaro ke yin jarabawa a lakkol. Dokar 2019 ta ce a bayyana haihuwar jariri cikin kwana 60, kuma ba a biyan ko dala. Ana yi wurin likita inda anka haihu, ko wurin maigari, ko ofishin magajin gari. In kwanakin sunka wuce, sai an bi ta wurin alƙali, abin ya zama da wuya da tsada. Jaririn da anka raɗa wa suna bana, nan da shekara 18 mai jefa ƙuri'a ne. Kada ka bar masa wahalar da kai ka sha.

Na biyu, ranar da anka ce an fara rubuta masu zaɓe, tafi da kanka, tun da wuri. Kada ka ce sai an gama girbi, kada ka ce sai ka komo daga cin rani. Tafi da matarka, da ɗiyanka da sunka kai shekara 18.

Na uku, ga inda karatunka zai yi maka rana. Bayan rajista akan manna sunaye bisa bango don kowa ya duba. Da can sai ka nemi wani yaro ya duba maka, ya ce "akwai", ka yarda. Yanzu kai za ka sa yatsa ka bi layi har ka ga sunanka. Duba sunan mahaifinka, duba shekarar haihuwa. In an yi kuskure, faɗi tun kafin a rufe. In ka gama naka, duba wa tsohuwar maƙwabciyarka.

Yanzu mu komo ga babbar tambaya. Ga kati a hannu. In ranar ta zo, a fita ko a zauna gida?

Ni ra'ayina a fita. Ga dalilina.

Zama gida ba ya tsaida lissafi. A zagaye na biyu na zaɓen 2016 ƴan adawa sun ce wa mutanensu kada su fita. Mutane da yawa sunka zauna gida. Duk da haka an ƙirga ƙuri'un waɗanda sunka fita, shugaba Isufu ya samu fiye da kashi 90 cikin 100, ya ci gaba da mulki shekara biyar. Ba na zagin wanda ya ƙi fita don ya yi tunani ya ga ba a shirya gaskiya ba. Wannan shawararsa ce, kuma haƙƙinsa ne. Amma ya san cewa ba a rubuta dalilinsa ko'ina. Wanda ya ƙi don fushi da wanda ya ƙi don ƙiwuya, wuri ɗaya ake zuba su.

Kuma zaɓe ba na shugaban ƙasa kaɗai ba ne. Mu kan kai ido Yamai, mu manta da ƙofar gida. A watan Yuli 2004 an zaɓi mashawartan garuruwa cikin komin 265, su kuma sunka zaɓi magadan gari. Ni kaina ban fita ba a ranar. Ina saurayi, na ce ƙaramin zaɓe ne, na tafi kasuwa. Daga baya na gane cewa waɗannan mutane su ke zama bisa kuɗɗin haraji da na kasuwa da muke biya. Su ke cewa wane ƙauye za a fara yi wa rijiya, wane aji za a gyara. Na zo ina ƙorafi a majalisar ƙofar gida, wani abokina ya ce: "Kai wa ka zaɓa?" Ban samu abin faɗi ba. Depite yana nisa, amma mashawarcin garinku kuna haɗuwa da shi a masallaci da wurin suna. Shi kana iya tare shi ka tambaye shi ina alkawari.

Wani zai ce: "Ai duka ɗaya suke. Su kawo sabulu da sukari da atamfa, su tafi sai baɗin baɗaɗa." To wa ya koya musu haka? In sun ga jika guda tana sayen mutum, don mi za su wahala da gina asibiti? Yi lissafin da munka koya. Wa'adin shekara biyar ya fi kwana 1800. Raba jika guda, wato tamma 1000, bisa kwana 1800. Ko tamma guda ba ka samu ba a yini. Wannan shi ne kuɗin da ka sayar da bakinka.

Ka tuna kuma, ƙuri'a asiri ce. In ka shiga bayan labule, daga kai sai Allah. Ba maigari, ba mai kuɗɗi, ba ɗan siyasa. Ke ma ƴar'uwa, ki ji shawarar maigida, ki ji ta iyaye, amma yatsan naki ne. Mata ba ƴan rakiya ba ne cikin wannan sha'ani. Tun shekarar 2000 anka yi dokar da ta keɓe wa mata kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, a 2019 anka kai shi kashi 25.

Ina yaro sa'ad da anka yi babban taron ƙasa a Yamai a 1991. Ina tuna yadda iyayenmu ke kewaye rediyo da dare. A 1993 na raka mahaifina wurin zaɓen da Mahamman Usman ya ci. Bai iya karatu ba, sai da anka nuna masa alama. Da ya fito ya ce mini tun da yake ba a taɓa tambayarsa wa yake so ya mulke shi, cikin mutane da yawa, sai ran nan. Wanda ya zaɓa bai ci ba. Amma bai yi nadama ba.

Ga amsar da na ba dattijon ajinmu. Na ce: "Baba, shekara nawa fari ya cinye maka gona?" Ya ce ba su ƙirguwa. Na ce: "Ka taɓa cinye irin shuka don ka yi fushi da damina?" Ya ce: "Wa zai yi wannan hauka?" Na ce to ƙuri'a haka take. Ba kullum take yin yabanya ba. Amma wanda bai shuka ba, ko damina ta yi kyau ba shi da damin kansa.

Bai ce ya yarda ba. Amma kalmar tana nan bisa allo, kuma ya kwafe ta cikin littafinsa.

Allah shi zaunar da ƙasarmu lafiya, shi ba mu shugabanni masu tausayin talaka.

Mu tattauna a aji:

1. Mutum nawa ke da takardar haihuwa a gidanku? Ƙirga su, ka rubuta sunayen waɗanda ba su da ita.
2. Ina ake bayyana haihuwa a garinku?
3. Kai mi za ka ce wa dattijon nan?