Hotuna Goma Sha Huɗu a Majami'ar Ebute Metta

A wannan wata za mu leƙa Ikko, unguwar Ebute Metta, inda babban ofishin jirgin ƙasa yake. A can akwai majami'ar Katolika mai sunan Bulus Manzo.

Wanda ya taɓa shiga majami'ar 'yan'uwanmu Katolika ya san tsarinta. Bagade yana gaba, jama'a suna fuskantarsa, a jikin bango kuma dama da hagu an jera hotuna goma sha huɗu, ana ce da su Hanyar Gicciye. Suna nuna tafiyar Ubangijinmu tun daga gaban Bilatus har kabari. A da, yawancinsu daga Turai ake kawo su.

A shekara ta 1967, shekarar da yaƙin basasa ya tashi, Fada Kevin Carroll ya sa Bruce Onobrakpeya ya zana wa wannan majami'a nata. Fadan nan ya daɗe yana aiki da masassaƙan Yarabawa, tun 1947 a Oye-Ekiti. Shi kuwa mai zanen mutumin Urhobo ne, amma a kwalejin Zariya ya koyi sana'arsa.

To, me ya zana? Yesu baƙar fata ne. Matan da suke kuka sun ɗaura zane irin na ƙasar nan, ga adon adire, wato rinin shuni na Yarabawa, ya cika hotunan. Sojojin da suka kora shi zuwa Golgota kuwa, kayan sarki na zamanin Turawa ya sa musu. A lokacin shekara bakwai ke nan da samun mulkin kai, tsofaffin majami'ar sun san kayan nan sarai, waɗansu ma sun sha tsoronsu.

Ba kowa ya yi murna ba. Akwai masu cewa wannan ba Yesun da suka sani ba ne. Mu dai mun san Ubangijinmu Bayahude ne, ba Bayarabe ba. Amma ai ba Bature ba ne kuma, ga shi hoton da ke rataye a ɗakunanmu da yawa mai jan gashi ne da idon mage, ba wanda ya ce uffan. Ku tambayi 'ya'yanku ko Yesu mutumin ina ne, ku ji amsa.

Daga baya Onobrakpeya ya sāke yin hotunan a kan takarda. A 2023 aka nuna su a birnin Atlanta na Amurka, mai zanen yana da shekara 90.