Bindigar da Aka Bari a Mota, Ta Wa Ce?

Duk wanda ke zaune a Bomo ko Samaru ya san yadda hankali ya tashi a watan Nuwamban 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kutsa rukunin gidajen ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello suka ɗauke malami. A watan Yunin 2021 kuma suka afka wa Kwalejin Nuhu Bamalli cikin dare, suka tafi da ɗalibai da malamai. Tun daga nan wata magana take yawo a majalisu da ofisoshi: idan hukuma ta hana shiga wurin aiki da makami, me zai hana mai lasisi ya bar bindigarsa a but ɗin motarsa, ya kulle, ya shiga ofis, in an tashi ya ɗauki abarsa?

Ba mu raina tsoron da ya haifi wannan tunani ba. Ma'aikacin da ke tashi daga asibitin Shika bayan isha'i, ko mai kula da gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, ya san Giwa ba nisa, ya kuma san abin da ƙauyukanta suka gani. Har manya sun taɓa ba da ƙofa. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya ce wa Katsinawa su nemi makamin kare kansu, a watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisi. Duk da haka, matsayinmu shi ne haramcin da aka kafa a bakin ƙofa ya haɗa da filin ajiye motoci.

Amurka ta riga mu shiga wannan muhawara. A 2002 kamfanin Weyerhaeuser ya kori wasu ma'aikata a jihar Oklahoma saboda an sami bindigogi a motocinsu. Majalisar jihar ta mayar da martani da dokar da ta hana kamfani tsoma baki a abin da ma'aikaci ya kulle a motarsa, Florida ta bi sahu a 2008, jihohi da dama suka biyo baya. Amma can tsarin mulki ne ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami. Nan ba haka ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta mayar da shi alfarmar da hukuma ke bayarwa: manyan makamai sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuwa a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha take. A 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Ko a Amurkan, fasa motoci ya zama babbar hanyar da bindigogi ke faɗawa hannun ɓarayi.

Nan ne gizo ke saƙa. Bindigar da ke but daga ƙarfe takwas na safe zuwa huɗu na yamma ba ta kare kowa. Mai ita yana aji ko ɗakin taro, ita tana waje ba mai gadi sai gilashi da makulli. Mota kuwa a garin nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Direba zai kai yara makaranta da ita, ƙane zai ara zuwa kasuwar Sabon Gari, yaron bakanike zai buɗe but ya ɗauko jak, ranar Juma'a a bar ta a layi a bakin masallaci. Da zarar mutum uku sun san abin da ke ciki, labari ya kai inda ba a so. Wanda ya sace ta ba farautar zomo zai je da ita ba, kuma lambar da ke jikinta sunan mai lasisin za ta nuna.

Sai kuma yanayin wurin. Harabar jami'a cike take da dubban matasa, ga zafin jarrabawa, ga rikicin zaɓen ƙungiya, ga saɓani tsakanin ma'aikaci da shugabansa kan ƙarin girma. Yau irin wannan faɗa yana ƙarewa da cacar baki da shiga tsakanin dattawa. Ba ma son ranar da mai fushi zai tuna cewa motarsa taku hamsin ce daga ofis.

Sai dai wanda ya hana mutum kare kansa ya ɗauki nauyin kare shi, kuma a nan muke da magana da hukumomi. Buɗe but a bakin ƙofa kowa a yi masa, da farfesa da masinja, ban da ɗaga hannu don an san fuska. Mai lasisi na gaskiya da ke zuwa daga nesa a ba shi damar miƙa makaminsa a caji ofis mafi kusa, a rubuta, a ba shi takarda. Ƙananan ma'aikatan da ke komawa Bomo da Hayin Dogo a kan babur ko a ƙafa, waɗanda ba su da motar balle but, su suka fi kowa shiga haɗari. Ƙaramar hukumar Sabon Gari da manyan cibiyoyin da ke Samaru su haɗa kuɗi su sa fitilu a hanyoyin nan, su ɗauki nauyin sintirin 'yan sanda da rundunar sa-kai ta jihar Kaduna daidai lokacin da masu aikin dare ke canjin aiki, su kuma samar da motar da za ta riƙa kai su har unguwa.